Ƙanena zai amsa laifi ranar Talata, wai ba gidan yari, to girin kat ɗinsa fa?

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar kotu a nan Amurka ku taimake ni da shawara, wlh kwana uku ke nan ban runtsa ba. Ƙanena ne ciki ɗaya, shekararsa 27, da girin kat, wato takardar zaman dindindin, ya shigo shekara uku da suka wuce, yana zaune wajena a Bronx cikin birnin New York yana aikin kai kaya gida-gida. Watan jiya aka ce wani kwali ya ɓace a hannunsa, waya ce da kwamfuta a ciki wai kuɗinsu dala 1,400, shi ya rantse min a bakin ƙofa ya ajiye har hoto ya ɗauka, su kuma sun ce kyamara ta nuna shi yana fita da kwali a hannu, ya ce wannan na ginin gaba ne. 'Yan sanda suka kira shi wai ya zo a yi magana, yana zuwa suka sa masa ankwa, ya kwana ɗaya aka kai shi gaban alƙali aka sake shi. Yanzu lauyan da kotu ta ba shi ya ce mai gabatar da ƙara ya yi tayi, ya amsa laifin sata babba, ya biya kuɗin kayan, ya yi wani shirin gyaran hali na wata tara, in ya gama lafiya a janye babban laifin a mayar da shi ƙarami, ko kwana ɗaya ba zai yi a gidan yari ba. Ranar Talata za su koma. Shi ya gaji so yake ya sa hannu ya huta, ga shi an sa bikinsa a Kano watan Disamba har tikiti ya saya. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya.

Alhaji Sani:
Wa alaikumus salam Maman Abba. Allah ya kawo mafita. Ni shawarata ya karɓa kawai, da babu gara ba daɗi. Mu da muka yi kasuwar bakin titi a Harlem sau nawa aka kama mu? Ni kaina na tsaya gaban alƙali na amsa na biya tara na tafi gida, ga ni yau da fasfon ƙasar nan a aljihu. Ja da gwamnati ba riba, in ya ce sai an yi shari'a ya faɗi fa? Lokacin ne za a ɗaure shi.

Anti Rabi:
Maman Abba dan girman Allah kar ya sa hannu ranar Talata. Ina wajen aiki, zan yi bayani anjima, amma ki kira shi yanzun nan ki faɗa masa. KAR YA SA HANNU.

Abu Halid:
Gaskiya ni abin da ke damuna mu riƙa jan kunnen yaranmu tun kafin a kai ga haka. Kayan mutane amana ne. Wanda ya shuka shi zai girba.

Maman Abba:
Malam ai ba a tabbatar ya ɗauka ba. Shekara uku yana ɗakina ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Shawara na zo nema.

Hajiya Ladi:
Abu Halid ka yi haƙuri ba yau ce ranar wannan maganar ba, baiwar Allah tana cikin tashin hankali.

Anti Rabi:
To na samu sarari. Da farko ni ba lauya ba ce, shekara takwas dai ina aiki a ofishin lauyoyin shige da fice, ni ke haɗa fayil ina yi wa mutanenmu tafinta, irin wannan maganar kuwa na ga ta fi a ƙirga.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne kotu biyu ce. Akwai kotun jiha da ke shari'ar satar, akwai kuma kotun shige da fice ta gwamnatin tarayya, kuma kowacce da ma'auninta. Alƙalin jiha zai iya cewa an janye, an goge, an rufe fayil, amma tun 1996 dokar shige da fice ta ba kalmar hukunci tata ma'anar: in ka buɗe baki ka amsa laifi gaban alƙali, sannan alƙali ya ɗora maka wani abu, tara ce ko aji ne ko ɗaurin talala, to a wajensu an yanke maka hukunci an gama. Ko bayan wata tara an janye saboda ka gyara hali, amsawar nan ta farko tana nan. Wannan tayin da aka yi masa daidai ramin ke nan.

Sannan ki duba lissafin. Sata tana cikin laifukan da suke kira na rashin ɗa'a, su sata, zamba, damfara. Dokar ta ce mai girin kat da ya aikata irin wannan laifi ɗaya tak cikin shekara biyar da shigowarsa, in dai laifin ana IYA yanke masa shekara ɗaya ko fiye, za a iya korarsa. Ba wai sai an yanke ba, ana iyawa kawai. A New York satar da ta haura dala 1,000 babban laifi ce, ɗaurinta na iya kai shekara huɗu. Ƙanenki shekararsa uku. Kin ga duk sharuɗɗan sun cika.

Alhaji, da girmamawa, dan Allah ka duba takardarka ta wancan lokacin in tana nan. Ina kyautata zaton abin da ka amsa shi ne tayar da hankalin jama'a, lamba 240.20, wanda a dokar New York ko laifi ba a ɗauke shi ba, saɓa ƙa'ida ne kamar tikiti. Shi ya sa ka wuce lafiya. Ba ɗaya ba ne da nasa.

Alhaji Sani:
Ikon Allah. Na ɗauko jakar takardu na duba, wlh 240.20 ɗin ne a rubuce. Hajiya Rabi kin yi gaskiya. Maman Abba ki yafe ni na janye maganata.

Malam Isuhu Atlanta:
Bari in ba ku labarin abokina da muka taso tare a Maraɗi, don abin da Hajiya Rabi ta faɗa ni na gan shi da idona. Nan jihar Jojiya ƙaramin laifi ana yanke masa har wata 12, kuma alƙalai sun saba su ce wata 12 amma ka tafi gida ka yi shi a waje. Shi wasu kaya ne a kanti da ba su kai dala ɗari biyu ba, ya ce mantuwa ce a ƙasan keken sayayya, Allah ne masani. Aka ce ya amsa, wata 12 a waje da tara, ya yi murna har sadaka ya yi. Shekara shida ba abin da ya faru, ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu yana tuƙa babbar mota. Mahaifinsa ya rasu ya tafi gida gaisuwa, ranar da ya dawo ni na je ɗauko shi a filin jirgi, na tsaya tun la'asar har bayan isha'i da abincin da matarsa ta ba ni a kula, mutane suna ta fitowa shi shiru. Sai can dare ya kira ni da wata lamba ya ce Isuhu sun riƙe ni. Ashe sata in an yanke mata shekara ɗaya, ko da ba ka kwana a ciki ba, tana shiga jerin da suke kira agrabeted feloni, wato laifi mai tsanani, kuma wanda ya faɗa wannan jerin kusan duk ƙofofin afuwa a rufe suke gare shi. Ya yi wata bakwai a tsare muna ta haɗa kuɗin lauya, ƙarshe aka tasa ƙeyarsa. Yaransa suna nan, ta waya suke ganinsa. Da wata 11 aka rubuta maimakon 12 da labarin ya sha bamban.

Maman Abba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina rawa yake. Anti Rabi to me za mu yi? Lauyan ya ce tayin yana da kyau, kuma ba mu da kuɗin ɗaukar wani.

Anti Rabi:
Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, har yanzu bai sa hannu ba, wannan shi ne babban abu. Ba sai kun canza lauya ba. Tambaya ɗaya, lauyan ya san ba ɗan ƙasa ba ne?

Maman Abba:
Na tambaye shi yanzu, ya ce lauyan ya tambaye shi yana da takardu ya ce eh, shi ke nan aka wuce.

Anti Rabi:
To nan gizo ke saƙa. Gobe da safe ya kira shi ya ce masa ƙarara girin kat gare ni, ga ranar da na shigo Amurka, ina son a faɗa min abin da wannan amsawar za ta yi wa zamana kafin in sa hannu. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce. Akwai wani mutum Jose Padilla ɗan asalin Honduras, ya fi shekara 40 da girin kat, har yaƙin Biyetnam ya yi wa Amurka, direban babbar mota ne aka kama shi da wiwi a Kentaki, lauyansa ya ce masa ya amsa ba ruwansa da imigireshan tunda ya daɗe a ƙasar. Ya amsa sai ga maganar kora. Ƙarar ta kai Kotun Ƙoli, a 2010 ta yanke cewa wajibi ne lauyan da ke kare baƙo ya faɗa masa haɗarin kora kafin ya amsa laifi. Ofisoshin lauyoyin kyauta na New York, irin su Bronx Defenders da Legal Aid, suna da lauyoyin shige da fice a cikinsu da aikinsu ke nan. Ya ce a haɗa shi da ɗaya. Ranar Talata kuma lauyan ya nemi a ɗage zaman, abu ne da ake yi kullum.

Abin da za a nema wajen mai gabatar da ƙara kuwa hawa-hawa ne. Mafi kyau a kori ƙarar gaba ɗaya, shi ya sa hoton nan da ya ɗauka da jerin adireshin da ya kai kaya ranar suke da muhimmanci, kar ya goge komai a wayarsa. In ba haka ba akwai abin da ake kira ACD, a ɗage ƙarar wata shida ba tare da ya amsa komai ba, in bai sake shiga matsala ba a kore ta. Sai 240.20 irin na Alhaji. In duk sun ƙi, ƙaramar sata kai tsaye ba tare da an bi ta babbar ba, don tun 2019 New York ta rage iyakar ɗaurin ƙaramin laifi daga kwana 365 zuwa 364, kwana ɗayan nan saboda baƙi aka cire shi, don kar ya kai shekara ɗayan da dokar tarayya ke magana. Kalifoniya ma ta yi haka tun kafin su. Amma ko wannan ɗin tabo ne, in aka sake samun na biyu irinsa ko bayan shekara ashirin ne ana iya korar mutum, don haka sai in ba makawa. Sau da yawa mai gabatar da ƙara yana yarda da lamba mai sauƙi in an biya kuɗin kayan gaba ɗaya ko an ƙara awoyin aikin al'umma, ciniki ne.

Bashir Columbus:
Anti Rabi ni ban yarda da ciniki ba. In yaron bai ɗauka ba me zai sa ya biya dala 1,400 ya kuma amsa ko da tikiti ne? A je shari'a gaskiya ta fito. Mu kullum tsoro, shi ya sa ake raina mu.

Hajiya Ladi:
Bashir kai da fasfo a hannu kake wannan maganar. In ya faɗi a shari'a kai za ka bi shi Kano?

Bashir Columbus:
Hajiya ba haka nake nufi ba. Amma suna fa? Yaro zai yi aure a ce ya taɓa amsa laifi.

Anti Rabi:
Bashir maganarka ba banza ba ce. Akwai lokacin da shari'a ita ce hanya, in duk tayin da ke kan tebur kora ne ƙarshensa to me ka rasa in ka gwada? Kotun Ƙoli ma ta faɗi kusan haka a 2017 a ƙarar Jae Lee, ɗan Koriya ta Kudu da aka kawo shi yana yaro. Amma in an ba ka ACD ba ka amsa komai ba, ba wanda zai ce ka yi sata. Wannan hukunci ne da shi da lauyoyinsa za su yanke bayan sun kalli bidiyon kyamarar, mu nan ba mu gani ba.

Maman Abba:
To bikin fa Anti? Hajiyarmu ta gama shiri, har an kai lefe.

Anti Rabi:
Wannan ne zai yi ɗaci amma gara in faɗa miki. Kar ya fita ƙasar nan sai ƙarar ta ƙare kuma lauyan shige da fice ya ce ya tafi. Mai girin kat da ke da irin wannan laifin in ya fita ya dawo ana iya ɗaukarsa kamar sabon mai neman shiga, kuma ma'aunin shiga ya fi na kora tsauri, abin da ya samu abokin Malam Isuhu a filin jirgi aka gano shi. Tun daren da aka kama shi zanen yatsunsa ya tafi wajen gwamnatin tarayya, ba abin da ke ɓoye. Kuma in ranar kotu ta zo yana Kano alƙali zai ba da sammacin kama shi. A ɗaura auren da wakili in ana so, biki ya biyo baya.

Ga duk wanda ke karantawa, in an taɓa tsare ka a filin jirgi aka miƙo maka fom I-407 kar ka sa hannu, sallama girin kat ɗinka ne da kanka. Ka ce kana son ganin alƙali.

Zainab Manchester:
Mu ma nan Ingila haka abin yake, dokar 2007 ta ce baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye korarsa za a yi sai in ya kawo hujja mai ƙarfi. Allah ya tsare mana zuri'a.

Hajiya Ladi:
Tunda an buɗe maganar bari in ƙara nawa don iyaye da ma'aurata. Faɗan cikin gida ma yana cikin abin da ake kora a kai, duka ko cin zarafin yaro, ko alƙali ya ce kar ka kusanci matarka kai kuma ka je da sunan biko. Dattawa su ce ku je ku sasanta, miji ya ɗauki waya ya kira, ashe takardar kotu ta hana ko kira. Na san gida biyu da wannan ya rusa. Masu sasanci a masallatai dan Allah ku fara tambaya ko akwai takardar alƙali. Kuma kar wata ta ji wannan ta ce za ta yi shiru ana dukanta, ranki ya fi takardar kowa.

Malam Isuhu Atlanta:
Sai ƙwaya. Matasa suna ganin shagunan wiwi a buɗe a New York tun da jihar ta halatta a 2021 suna zaton shi ke nan, a dokar tarayya haram ce har yau. Tiramadol da ake sako wa mutane a jaka daga gida wai maganin ciwon baya, nan tun 2014 yana cikin jerin ƙwayoyin da dokar tarayya ta sa wa takunkumi, sai da takardar likita.

Anti Rabi:
Haka ne Malam. Laifin ƙwaya kowane iri ana kora a kai, togaciya ɗaya ce kawai, wiwi giram 30 ko ƙasa, na shan kai, sau ɗaya. Masu zama ba takardu kuma nasu ya fi tsanani, tun da aka sa hannu a dokar Laken Riley a Janairun 2025, wanda ya shigo ba ta ƙa'ida ba in an kama shi da zargin sata ko da ta kanti ce, zargin kawai ya isa hukumar ICE mai kama baƙi ta tsare shi ba beli. Kuma ku sani a kotun shige da fice gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta kamar kotun laifi. New York ta fara wani shiri a 2013 na ba waɗanda ke tsare lauya, amma yawancin jihohi kai da aljihunka ne. Shi ya sa gyara tun a kotun farko ya fi sauƙi da arha.

Baban Sadik:
Slm. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ɗana yana da ƙara makamanciyar wannan, shekararsa 22, na kawo shi daga Kumasi da girin kat yana ɗan 12, ni na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa yana ɗan 16, bai taɓa neman fasfo ba. Shi ma korarsa za a yi?

Anti Rabi:
Baban Sadik a hannunka yake zaune lokacin da ka yi rantsuwar?

Baban Sadik:
Eh gida ɗaya da ni da uwarsa.

Anti Rabi:
To Alhamdulillah, akwai dokar 2000 da ta fara aiki a Fabrairun 2001, yaro mai girin kat da bai kai 18 ba yana zaune a hannun uba ko uwa da ya zama ɗan ƙasa, shi ma ya zama ɗan ƙasa a ranar ba tare da ya cike komai ba. Bisa abin da ka faɗa akwai alamar ɗanka Ba'amurke ne tun yana 16, ɗan ƙasa kuwa ba a korarsa. Ka haɗa takardar rantsuwarka, takardar haihuwarsa, takardar aurenku da takardun makarantarsa masu adireshin gidanka ka kai wa lauya ya tabbatar, sannan a nema masa fasfo. Kafin lauya ya tabbatar kar ya rubuta a ko'ina cewa shi ɗan ƙasa ne.

Baban Sadik:
Allahu Akbar. Wlh hawaye nake. Allah ya saka miki da Aljanna.

Ɗan Zango:
Anti wanda ya riga ya amsa fa? Ni 2016 na amsa, lauyan bai ce min komai ba kan takardu, tun lokacin ban je gida ba ban kuma nemi zama ɗan ƙasa ba don tsoro.

Anti Rabi:
Ka yi daidai da ba ka tura fom ɗin ba tukuna, don yana tambayar duk kamun da aka taɓa yi maka ko da an kori ƙarar, ƙarya a ciki kuma ta fi laifin muni. Amma kar ka zauna haka. Ka je kotun ka karɓi takardar ƙarshen shari'arka ka kai wa lauya. A New York akwai buƙatar da ake shigarwa ƙarƙashin sashe na 440 a soke hukunci saboda lauya bai yi aikinsa ba, in an soke saboda kuskuren shari'a imigireshan na karɓa, saɓanin gogewar da ake yi don tausayi. Ko an kai mutum kotun kora ma, mai girin kat na shekara biyar da ya yi shekara bakwai a ƙasar kafin laifin, in bai faɗa jerin masu tsanani ba, yana iya roƙon alƙali ya yafe korar sau ɗaya a rayuwa. Lauya na gaske fa, ba masu cike fom a bayan shago ba.

Maman Abba:
'Yan uwa ga yadda aka yi. Jiya ya kira lauyan ya faɗa masa kamar yadda Anti Rabi ta ce, mutumin ya yi shiru sannan ya ce kar ya sa hannu a komai, yau da rana wata lauyar shige da fice daga ofishinsu ta kira mu ta yi kusan awa ɗaya tana tambayoyi, ta ce tayin farko ba zai yiwu ba. Talata za su nemi a ɗage, sun kuma nemi cikakken bidiyon da na ginin gaba. Tikitin mun mayar. Abin da ya rage min shi ne kiran Hajiyarmu, har yanzu ba ta san an kama shi ba kuma tana da hawan jini, ban san ta inda zan fara ba.

Hajiya Ladi:
Ki fara kiran kawunku ko babban yayanku ya je gidan ya zauna da ita, sannan shi yaron ya kira ta bidiyo ta gan shi da idonta a ɗakinki lafiyarsa ƙalau kafin a ce mata komai.

Alhaji Sani:
Maman Abba ƙarfe nawa ne zaman? Kotun titin 161 ce ko? Zan rufe shago in zo in zauna tare da ku.

Maman Abba:
Eh Alhaji ita ce, tara da rabi, amma lauyan ya ce mu zo da wuri saboda layin bincike a ƙofa. Na gode Allah ya bar zumunci.